'Yan aji uku sun ƙi bin sababbin shugabannin ɗalibai

Assalamu alaikum malamai 'yan'uwa. Ni ke kula da majalisar ɗalibai a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo a Kano, kuma abu ya cije mini.

A farkon zango na uku muka sauke shugabannin aji uku don su fuskanci jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, muka yi zaɓe a cikin 'yan aji biyu. Tun daga ranar 'yan aji uku suka daina jin maganar kowa. Jiya da safe a bakin ƙofa, sabuwar shugabar ɗalibai ta tsayar da wata da ta makara za ta rubuta sunanta. Yarinyar ta fizge littafin ta wurga cikin kwata, tana cewa ƙanwar bayanta ba ta isa ta ba ta umarni ba. Gaban ajinsu kuwa kwana huɗu ke nan bai ga tsintsiya ba.

Na yi musu nasiha a taron safe, aka yi kwana biyu abin ya dawo. Na sa malamin horo ya riƙa tsayawa tare da shugabannin, sai ya zama bulalarsa ake tsoro, da ya juya baya komai ya rushe. Na roƙi tsofaffin shugabannin su sa baki, suka ce an ƙwace musu muƙami tun ba su gama ba, kuma gaskiya ban ga laifinsu ba. Yanzu uku daga cikin sababbin sun dawo mini da bajonsu, sun ce sun haƙura.

Don Allah, wace hanya kuka bi 'yan aji uku suka yarda da shugabancin ƙannensu ba sai malami ya tsaya a kansu da bulala ba?