Allurar maye da ƙanjamau: abin da jama'a suka faɗa

'Yan uwa, ga abin da na tattaro daga maganarmu kan yadda za a kare matasan Katsina masu allurar fenta (pentazocine, maganin kashe zafi da ake maye da shi) daga ƙanjamau.

An yi ittifaƙi a kan:

1. Kowace allura da sabon sirinji, ba aro ba bashi, ko da aminin mutum ne. Ƙwayar HIV kan kai kwana 42 a raye cikin sirinji mai jini.
2. Ba sirinji kaɗai ba. Ruwan haɗi, murfin kwalba, auduga, duk jini na maƙalewa, kuma ciwon hanta ma ta nan yake bi. Wannan shi aka fi mantawa.
3. In an riga an yi tarayya a sirinji ko sauran kayan allurar, a garzaya asibitin gwamnati kafin awa 72 a nemi maganin PEP na kariya daga kamuwa da HIV, a sha kwana 28.
4. Tsofaffin allurai a zuba a gora mai murfi. Yara na tsintarsu a kango.

Inda aka rabu: wanke sirinji da Hypo (bilic na wanki). Wasu sun ce ruwa mai tsabta, Hypo daƙiƙa 30, sai a sake ɗauraya. Wasu sun ce ba tabbas. Ni dai ina ganin na lalura ne kawai.

Ba da sirinji kyauta ma an ja: wasu na ganin ɗaure wa shaye-shaye gindi ne, ma'aikatan lafiya suka ce sai da rai ake daina ƙwaya.