"In ɓera da sata, daddawa ma da wari": a rikicin ƙwayoyin besbol wa ye ɓeran, wa ye daddawar?

Baban Hanifa:
Salamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce "in ɓera da sata, daddawa ma da wari", kuma inda nake so mu auna ta zai ba wasu mamaki don ba kasuwa ba ce ba zaman aure ba, wasan besbol ne na Amurka, wannan da ake jefo ƙwallo mutum ya maka mata sanda ya ruga da gudu. Waɗanda ba sa kallo ku yi haƙuri zan taƙaita. A 1994 'yan wasa suka shiga yajin aiki har aka soke World Series, gasar ƙarshe ta shekara, mutane suka yi fushi da yawa suka daina zuwa fili. Sai ga 1998, Mark McGwire da Sammy Sosa suka shiga tseren hom ron, wato bugun da ƙwallo ke tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo, McGwire ya yi 70 Sosa ya yi 66 alhali tun 1961 ba wanda ya taɓa wuce 61 ɗin Roger Maris. Filaye suka cika maƙil kuɗi suka yi ta shigowa. Shekara uku bayan nan Barry Bonds ya zo ya yi 73 yana da shekara 37, shekarun da ɗan wasa ke fara tunanin ritaya. Daga baya maganar sitiroyid, wato ƙwayoyin ƙara ƙarfi da girman tsoka, ta fashe, yau ga shi Bonds da McGwire da Sosa da Roger Clemens duk suna waje ba a shigar da su zauren gwaraza na Cooperstown ba, amma Bud Selig kwamishinan da ya riƙe wasan duk tsawon wannan lokaci an shigar da shi a 2017. To ni a ganina 'yan wasan ne ɓeran, masu kulob da hukuma su ne daddawar. Ko na saka karin maganar a muhallinta?

Ɗan Bronx:
Wa alaikumus salam. Yaya Baban Hanifa na san inda ka dosa, Bonds kake so ka wanke mana da sabulun karin magana hhh. Ni nan Bronx nake, filin Yankees ina wuce shi a jirgi kullum in zan tafi aiki, kuma ko namu Alex Rodriguez ban kare shi ba balle Bonds ɗinku na San Francisco. Mutumin da ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 252 da Texas, wace yunwa ce ta kai shi sata? Ya fito a 2009 ya ce eh ya yi amfani da sitiroyid daga 2001 zuwa 2003 ya ba da haƙuri muka ce shikenan ɗan Adam ajizi ne, sai ga shi kuma a badaƙalar Biogenesis, wani asibitin da ke sayar wa 'yan wasa ƙwayoyin, a 2013 har aka dakatar da shi kakar 2014 sukutum, wasa 162. Wannan ba warin daddawa ba ne, hali ne kawai.

Baban Hanifa:
Ba wanke shi nake ba ƙanena. Amma ka tuna a watan Agusta 1998 wani ɗan jaridar kamfanin dillancin labarai na AP ya ga kwalbar andro, wani maganin ƙara ƙarfin jiki, a lokar McGwire ƙiri-ƙiri, abin da NFL ta ƙwallon ƙafar Amurka da Olamfik sun riga sun haramta, a besbol kuwa ba dokar da ta hana. Me aka yi? Ɗan jaridar aka yi wa caa wai ya cika shisshigi. Ba a fara gwaji ba sai 2003, shi ma na sirri ne ba hukunci, sai da aka ga sama da kashi 5 cikin 100 sun faɗi sannan aka fara maganar ladabtarwa. Ka ajiye daddawa a buɗe shekara da shekaru ka kori kyanwar gidan, sannan ka zo kana salati ɓera ya yi ɓarna?

Malam Tanko:
Ni ban san wasan nan ba, ko sau ɗaya ban zauna na kalla ba, amma karin maganar na san ta tun ina yaro. Abin da nake so ku lura da shi shi ne bakin da take fitowa. Ɓera ba ya faɗinta. Mai raba gardama ne ke faɗa wa wanda ya kawo ƙara, bayan an riga an tabbatar ɓeran ya yi satar, kamar a ce masa kai ma fa ka duba naka sakacin. Shi ya sa ta fara da "in ɓera da sata", an amsa laifin tun a farkon jimla ba a yi musunsa ba. Duk ranar da ka ji wanda ake tuhuma ne da kansa ya ɗauko ta to ta tashi daga hikima ta koma rashin kunya. Don haka Baban Hanifa kai da kake ɗan kallo kana da damar faɗinta, su 'yan wasan ba su da ita. Sharaɗin kawai shi ne ka fara yarda da rabin farko. Ka yarda shi Bonds ɗin naka ya yi satar?

Baban Hanifa:
Malam ka kama ni a wuya wallahi. A shari'ance ba a taɓa dakatar da shi kan sitiroyid ba, hukuncin da kotu ta yi masa a 2011 na kawo wa shari'a cikas ne kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke shi a 2015. Amma in don zuciyata ce, eh na yarda. An kai samame BALCO, kamfanin da ke samar wa 'yan wasa ƙwayoyin, a 2003, mai horar da shi Greg Anderson ya gwammace zaman kurkuku da ya ba da shaida a kansa, shi kuma ya ce wai ya ɗauka man 'ya'yan filas ne da man zafin ciwon gaɓɓai ake ba shi. Haba dai. Biri ya yi kama da mutum.

Maman Khalil:
Ni kam Malam da girmanka amma wannan karin maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Daddawa me ta yi? Warinta halittarta ce, tana zaune a inda aka ajiye ta ba ta aika wa ɓera goron gayyata ba. Kuma ku faɗi gaskiya a ina aka fi jin ta yanzu, ba sai an ci zarafin yarinya ba sai ka ji wani ya ce ai in ɓera da sata, wato ita ma da laifinta don ta fito ko don kayan da ta sa. Shi ya sa nake ganin in za a yi adalci daddawa ba mai laifi ba ce, abin kwaɗayi ce kawai. A labarin nan naku daddawar ita ce kuɗin da sunan da ake samu, shi kuwa wannan Selig ɗin ai uwar gida ce da ta ƙi rufe tukunya, kuma karin maganar ko ambatonta ba ta yi ba.

Malam Tanko:
Hajiya maganarki a kan hanya take, kuma masu jefa ta a kan yarinyar da aka zalunta sun zalunci karin maganar ita ma. Asalinta ta mutum biyu ce da kowa ya sa hannu da saninsa, kamar mai ba da cin hanci da mai karɓa, ko wanda ya kai kuɗinsa wurin 'yan damfara don an ce za a ninka masa cikin sati. Nan ne wari yake zama laifi don kwaɗayinsa ne ya kira ɓarawon. Amma ban yarda ba a ambaci uwar gida ba. Ita ake faɗa wa maganar ai, tana tsaye a gabanka, Bahaushe ne dai ba ya nuna babba da yatsa sai ya ɗora wa daddawa.

Na Maraɗi:
Assalamu alaikum. Ni ga nawa gani kun ɗauko wadda ba ta dace ba. Wagga magana tasu "kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi" ce. 'Yan wasa sunka yi allura sunka kumbura, jikinsu ya ɗauki wahala, masu kulob sunka kwashe kuɗin tikiti da na talabijin, da asiri ya tonu sai anka tura su gaban majalisar dokokin Amurka su kaɗai su sha kunya. Ku tuna Ken Caminiti, shi ne gwarzon National League, ɗaya daga cikin manyan lig biyu na besbol, na 1996, ya fito da bakinshi a 2002 ya ce ya yi amfani da sitiroyid, a 2004 ya rasu shina da shekara 41. Ban ce allurar ce ta kashe shi ba don shina fama da wasu ƙwayoyin daban, amma wa ya tuna da shi cikin waɗanda sunka ci riba?

Ɗan Bronx:
Na Maraɗi kurar da ke karɓar miliyoyin daloli ai ba kura ba ce, gardiya ce ita ma. Kuma ba su kaɗai aka kira majalisa ba, Selig ma ya zauna a wurin ran 17 ga Maris 2005, sai dai ba wanda ya tuna abin da ya ce don 'yan wasan sun cinye ranar. McGwire ana tambayarsa yana ta maimaita shi bai zo yin maganar abin da ya wuce ba, murya na rawa, sai a Janairun 2010 ya fito ya amsa. Rafael Palmeiro kuwa yatsa ya ɗaga yana nuna 'yan majalisa yana cewa bai taɓa yi ba faufau, wata biyar ba su cika ba aka dakatar da shi kwana 10 saboda ya faɗi gwaji. Kwana 10 fa! Wannan ne hukuncin farko a lokacin, sai a 2006 aka mayar da shi wasa 50, a 2014 ya koma 80. Kuma kar ku manta ƙungiyar 'yan wasan ita ma ta daɗe tana turjewa kan gwajin nan, to ka ga har kyanwar da Yaya ya ce an kora da hannun ɓeraye aka kore ta.

Ummi Zongo:
Ni tambaya ce da ni a matsayina ta ƙaramarku. Duk kuna maganar waɗanda aka kama ko suka amsa, to waɗanda zato ne kawai fa? Jeff Bagwell bai taɓa faɗuwa gwaji ba, sunansa ba ya cikin rahoton Sanata George Mitchell na Disamba 2007 da ya lissafa 'yan wasa 89, amma sai da ya jira har 2017 kafin 'yan jarida su zaɓe shi shiga Cooperstown don kawai damtsensa ya yi girma. Mike Piazza ma haka aka ja masa rai har 2016. A 2013 ma 'yan jaridar ba su zaɓi kowa ba kwata-kwata. Wasu za su ce ruwa ba ya tsami banza, ni kuma abin da aka koya mini zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wacce za mu bi?

Malam Tanko:
'Yata duka biyun gaskiya ne amma ba wuri ɗaya ake amfani da su ba. "Ruwa ba ya tsami banza" ta mai bincike ce, tana ce masa tashi ka duba tukunya. "Zato zunubi" ta alƙali ce, tana hana shi yanke hukunci kafin ya gani. Daga abin da kuke ba ni labari mutanen nan sun juya su ne, lokacin da ya kamata su bincika a 1998 sai suka kyautata zato suna tafi, da lokacin hukunci ya zo kuma sai suka yi ta yanka da zato.

Baban Hanifa:
Malam Allah ya ƙara ilimi, abin da ke ƙona mini rai ke nan. 'Yan jaridar da suka zaɓi Bonds gwarzon shekara sau huɗu a jere daga 2001 zuwa 2004 ƙungiyarsu ɗaya da waɗanda suka hana shi Cooperstown, ana buƙatar kashi 75 na ƙuri'u ya tsaya a 66 a shekararsa ta ƙarshe 2022. A wannan zaɓen dai aka shigar da David Ortiz karon farko, wanda jarida ta ruwaito sunansa na cikin jerin gwajin 2003, duk da kwamishina Rob Manfred ya ce ba za a dogara da wancan gwajin ba. Bambancin Ortiz mai fara'a ne kowa nasa, Bonds kuwa murtuk yake da 'yan jarida. Kuma mutumin nan kafin 1999 ya riga ya ci gwarzon shekara sau uku, ya haɗa hom ron 400 da satar zango 400, wato tserewa zuwa zango na gaba ba tare da an bugi ƙwallo ba, abin da ba wanda ya taɓa yi. An ci moriyar ganga ne kawai.

Ɗan Bronx:
To ai wannan ne ya ƙara masa laifi Yaya, mai ƙoshi da ya yi sata. Ken Griffey Jr. zamani ɗaya suka yi, ba a taɓa jin sunansa a komai ba, jikinsa ya yi ta ciwo ya ƙare da hom ron 630 aka shigar da shi Cooperstown da sama da kashi 99. Kuma akwai waɗanda ba wanda ya ambata a nan, yaran da suka ƙi yin allura suka ƙare a ƙananan kulob suna yawo a bas don wani mai allura ya tare musu gurbi, su ba ɓera ba su ba daddawa ba, su ne aka ci tuwo ba miya a gidan. Ni dai a wurina hom ron 755 ɗin da Hank Aaron ya yi a duk rayuwar wasansa ne lamba, kuma 62 da Aaron Judge ya yi a 2022 ita nake ƙirgawa.

Baban Hanifa:
Ƙirga abin da kake so ƙanena, littafin hukuma 762 ya rubuta wa Bonds da 73, ba ni na rubuta ba. Ƙwallon da ya wuce Aaron da ita a Agustan 2007 ma tana can Cooperstown an buga mata tambarin tauraro, alamar akwai ayar tambaya a kanta, ƙwallo ta shiga mai ita na waje.

Maman Khalil:
Ku dai ba za ku gama ba yau. Malam ni har yanzu ba ka gamsar da ni kan uwar gida ba, in da ita ake nufi me ya hana a ce "in ɓera da sata, mai ɗaki ma da sakaci"? Gobe in Allah ya kai mu zan tambayi kakarmu in ji yadda suke faɗinta a can wajen Zariya, don ina jin ta taɓa ce mini har mai daddawar kan faɗa wa kanta in ta yi asara.

Na Maraɗi:
Hajiya in kin tambaye ta ki haɗa da tawa ta kura da gardi, don Ɗan Bronx bai ba ni amsar Caminiti ba, ya tsallake ya tafi majalisa.