Giya da Barcin Ɗaliban Jami'a: Me Ke Faruwa Bayan Ƙarfe Uku Na Dare?

Mai ba ɗalibai shawara: 'Yan uwa, korafin da ɗalibai masu shan giya suka fi kawowa iri ɗaya ne: barci ya ɗauke su nan take, amma wajen ƙarfe uku sai ido ya bushe, zuciya na dukan uku-uku, da safe kuma lakca ba ta shiga. Masu aiki a wannan fanni, ku zuba mana abin da kuke gani.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, giya kayar da mutum take yi, ba barcin lafiya take ba shi ba. Barci yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowanne kamar minti 90. A rabin farko na dare giya tana ƙara barci mai nauyi, tana danne barcin mafarki. Da hanta ta gama ƙone ta, sai jiki ya nemi biyan bashi: mafarkai barkatai, gumi, farkawa a kai a kai. Barcin mafarkin kuwa gab da asuba ya fi tsawo, daidai lokacin da abin ke watsewa. Ga fitsari, domin giya tana hana fitar sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa. Ga minshari, domin naman maƙogwaro ya saki. Wanda dama numfashinsa kan ɗauke cikin barci, abin sai ya ninka.

Mai haɗa magunguna: Bari in ƙara lissafi, don nan ake ruɗin kai. Hanta tana ƙone abin da bai wuce giram 7 zuwa 10 na tsantsar barasa a awa ba. Kwalba mai mililita 600 da ƙarfin kashi 5 cikin ɗari tana ɗauke da kusan giram 24. Kwalba uku giram 70 ke nan, aikin awa bakwai ko fiye. Wanda ya ajiye ta ƙarshe sha biyun dare, to zai iya shiga lakcar ƙarfe takwas da sauranta a jini. Wanka da ruwan sanyi ko kofi ba sa gaggauta hanta ko da minti ɗaya. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne haɗa giya da diazepam, kodin ko taramol wai don a samu barci. Dukansu suna rage numfashi, kuma irin wannan haɗin ne ke sa a kwanta ba a tashi ba.

Malamin nazarin halayyar ɗan Adam: Hajiya ta faɗi yadda giya ke ɓata barci, amma hanyar biyu ce. Ɗalibin da damuwar jarrabawa ta hana runtsawa shi ne ke neman giya a matsayin magani. Cikin 'yan kwanaki jiki ya saba, adadin jiya ba ya kayar da shi, sai ya ƙara. Da rana ya bi da lemon ƙara kuzari. Rabin kafeyin ɗin da ke ciki yana nan a jini bayan awa biyar, dare ya yi babu barci, a koma wa kwalba. Karatun da aka yi da yamma kuwa cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana shi. Don gane inda ɗalibi yake, akwai ma'aunin ingancin barci na Pittsburgh na 1989, wanda maki sama da 5 ke nuna matsala, da tambayoyi goma kan shan giya da ake kira AUDIT na Hukumar Lafiya ta Duniya, inda maki 8 ke nuna shan ya kai ga haɗari. A riƙa cike su tare, kada a ɗauki ɗaya a bar ɗaya.

Mai ba ɗalibai shawara: To wanda ya ce zai daina fa, me zai tarar?

Ma'aikaciyar jinya: A faɗa masa gaskiya: makonnin farko barcin zai ƙara lalacewa kafin ya gyaru, kuma a nan mafi yawa ke komawa. Ya tsayar da lokacin tashi ɗaya har ƙarshen mako, ya bar kafeyin daga azahar, ya nemi awa 7 zuwa 9. Idan minti 20 ya wuce bai yi barci ba, ya sauka daga gado sai gyangyaɗi ya zo. Amma wanda ke sha kullum, hannunsa na karkarwa da safe, kada ya yanke da kansa. Jijjiga na iya zuwa cikin kwana biyu, ruɗewa da gane-gane zuwa kwana na uku. Wannan aikin asibiti ne.

Mai kula da ɗakunan kwanan ɗalibai: Nawa saƙon ga abokan ɗaki ne. Wanda ya bugu, kada a bar shi a rigingine, amai zai iya shaƙe shi. A juya shi gefe, a lanƙwasa gwiwar sama, a ɗan ɗaga haɓa, wani ya zauna kusa. Idan an girgiza shi bai motsa ba, ko numfashi ya gaza takwas a minti, ko leɓe ya canza launi, ba barci yake ba. A kai shi asibiti a lokacin, tsoron hukuncin makaranta ya biyo baya.