Shin beriliyam da kansa yake fitar da niyutiron?

Hadiza M.:
Assalamu alaikum. Na karanta cewa ana gauraya garin ƙarafa biyu, beriliyam da amerisiyam-241, a rufe cikin ɗan bututun ƙarfe don a samu niyutiron (ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin cibiyar atom), irin wanda masu haƙar mai suke zurawa cikin rijiya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, beriliyam ɗin ne yake fitar da tiririn nukiliya, ko kuwa amerisiyam? Me ya sa kuma sai shi ake zaɓa?

Malam Isa:
Wa'alaikumus salam, Malama Hadiza. Beriliyam-9, wanda shi ne ake samu a ma'adinai, ba ya fitar da komai da kansa. Amerisiyam ne yake harbo ƙwayoyin alfa (kowace ɗaya dunƙule ce ta furoton biyu da niyutiron biyu), kuma idan ɗaya daga cikinsu ta shige cibiyar beriliyam, sai su haɗe su zama kabon-12, niyutiron guda ya kuɓuce. Lissafin ma a sarari yake: 9 na beriliyam da 4 na alfa sun ba da 13, wato 12 na kabon da 1 na niyutiron.

An fi son beriliyam ne saboda furoton (ƙwayoyin cibiya masu caji irin na alfa) huɗu kacal ke gare shi, don haka ba ya tunkuɗe alfa da ƙarfi, sannan niyutiron ɗinsa na biyar riƙon sakainar kashi cibiyar take yi masa, domin kuzarin da bai kai MeV 2 ba (MeV ma'aunin kuzari ne a ilimin nukiliya) ya isa ya ɓamɓaro shi. Duk da haka, cikin alfa miliyan ɗaya, 'yan gomomi ne kawai suke yin nasara.

Injiniya Bala:
Malam ya gama magana, sai dai in ƙara da tarihi. A 1930 masana kimiyya Bothe da Becker suka ga tiririn da ke fitowa daga beriliyam idan alfa ta doke shi, a Jamus, suka ɗauka hasken gamma ne, wato wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani. A 1932 Irène Curie da Joliot suka lura a Faransa cewa yana fizgo furoton daga kakin farafin, abin da ya sa Chadwick a Ingila ya gane cewa wata ƙwaya ce mai nauyi kusan na furoton, marar caji, wato niyutiron.

Hadiza M.:
Na gode ƙwarai. To, ke nan riƙe beriliyam zalla ba shi da haɗari?

Malam Isa:
Ta fuskar tiriri babu, amma ƙurarsa guba ce mai lalata huhu, don haka ba a goge shi ko a yanka shi sai inda aka tanadi na'urar zuƙe ƙura.