"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe": karin maganar Darwin ce ko ta Lamarck?

Bakatsine: Na ji wani malami yana amfani da wannan karin magana wajen bayanin ra'ayin Darwin, masanin halittu Baturen Ingila, na juyin halitta, wato yadda halittu suke sauyawa a tsawon zamani, amma ban gamsu ba. Mu dai mun san ana faɗin ta ne idan ɗa ya gaji halin iyayensa. Shin ta dace da wurin?

Malamar Bayoloji: Malam, ta dace da rabin maganar kawai. Littafin da Darwin ya fitar a 1859 ya kafu ne a kan gado da kuma bambanci: 'ya'yan barewa suna kama da uwarsu, amma ba dukkansu ne saurinsu ɗaya ba, kuma wanda ya fi rashin sauri shi zaki yake fara kamawa kafin ya kai ga haihuwa. Masu saurin ne suke barin zuriya, har bayan dogon zamani gudu ya zama halin garken. Karin maganar ta ambaci gado, ta yi shiru a kan zakin.

Ɗan Maraɗi: Ni kuwa ina ganin ta fi kusa da Lamarck, Bafaranshen da ya rubuta a 1809 cewa abin da dabba ta saba yi a rayuwarta yana wucewa ga 'ya'yanta. Uwa ta yi gudu, saboda haka ɗa ya yi gudu.

Malamar Bayoloji: Ban yarda ba, Malam. Bahaushe bai ce gudun uwar ne ya haifar da na ɗan ba, ya dai lura cewa suna tafiya tare. Ra'ayin Lamarck kuma bai tsaya ba: Bajamushe Weismann ya yi ta yanke wutsiyoyin ɓeraye zuriya bayan zuriya, 'ya'yansu suna fitowa da wutsiya cikakkiya.

Bakatsine: To ai shi ma Darwin bai san yadda gadon yake gudana ba, har ya karɓi wani sashe na ra'ayin Lamarck. Mendel, wani mai binciken tsirrai, ne ya buga sakamakon gwajinsa na wake da ya nuna yadda gadon yake gudana a 1866, amma masana ba su waiwaye shi sosai ba sai 1900.

Ɗan Maraɗi: Idan haka ne, Malama, ya kamata mai koyarwa ya haɗa ta da "albasa ba ta yi halin ruwa ba", domin da kowane ɗa yana kwafar iyayensa daidai, da babu abin da yanayi zai zaɓa.