Abin da muka tsinta a hirar 'yan wasan ces (darar Turawa) a Katsina

Jiya bayan la'asar muka zauna a gindin darbejiya kusa da Kofar Soro, ana maganar yadda tarihin karawar ƙungiyoyin ces na garuruwa ke salwanta. Wani dattijo ya kawo misalin ƙungiyoyin biranen Landan da Edinbara na Birtaniya, da suka buga ta wasiƙa daga 1824 zuwa 1828, har yau ana da rubutaccen kowane taku. Mu kuwa, sai "ai mun taɓa cin 'yan Daura", babu takarda.

Shawarar da ta fi rinjaye: a rubuta kowane taku da kwanan wata, a ɗauki hoton takardar a waya. Tsofaffin 'yan wasa kuma a naɗi muryarsu tun suna raye, ko da kowannensu zai ce shi ya ci.