Muhawara: shin kalmar sirri ta isa a buɗe ƙofar 9200 ta Elasticsearch ga duniya?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Tun jiya muke jayayya da wani abokin aikina, kuma har yanzu ban sauka daga ra'ayina ba, shi ya sa na kawo maganar nan. Wani Alhaji a Kantin Kwari ne ya ba mu aikin manhajar da yaran shagonsa da dillalansa za su riƙa neman kaya da ita a waya. Ka rubuta shadda ko atamfa ko leshi, ka sa launi, ta nuna maka abin da ya rage a sito da farashinsa. Mun ɗora Elasticsearch, manhajar adana bayanai da bincike a cikinsu, a kan na'urori uku a ofishinmu na Zoo Road. Na sa network.host ya zama 0.0.0.0 a dukkansu, wato su saurara ta kowane adireshi, na shiga rauta na tura ƙofar 9200, wadda ake aika wa Elasticsearch tambaya ta cikinta, zuwa na'ura ta farko, manhajar waya na magana da ita kai tsaye. Siga ta 8 ce, akwai kalmar sirri, akwai TLS mai ɓoye saƙo a hanya. Abokin nawa ya ce ganganci na yi. Ni kuwa na ce wannan tsoron na zamanin da ne, lokacin da Elasticsearch ba shi da makulli. Yau in kalmar sirrinka mai ƙarfi ce, buɗe 9200 ba shi da bambanci da buɗe kowane shafin intanet.

Zainab: Wa alaikumus salam. Kafin mu yi nisa Nura, tambaya ɗaya. Kalmar sirrin da manhajar waya take shiga da ita, a ina take zaune?

Nura: A cikin manhajar mana. Amma ba a fili take ba, na ɓoye ta.

Zainab: To ka riga ka raba ta. Duk wanda aka tura wa fayil ɗin APK ta Xender ko WhatsApp yana riƙe da ita a hannu. Warware APK a ga abin da ke ciki ba aikin ƙwararru ba ne, akwai kayan aikin yin haka kyauta. Ɓoyewar da ka yi za ta ɓata wa mutum lokaci kaɗan ne kawai, tunda dole wayar ta fito da kalmar a duk sanda za ta yi tambaya. Kuma wane asusu ka sa? Kada dai ka ce min elastic, babban asusun da ke da iko a kan komai.

Nura: Shi ne a yanzu, saboda muna gwaji. Zan canza shi da mabuɗin API mai izinin karatu kaɗai kafin mu miƙa aikin.

Malam Kabiru: Bari in ɗan tsaya wa Nura, don na ga za a yi masa taron dangi. Ba duka maganarsa ce kuskure ba. Gaskiya ne abubuwa sun canza. Tun 2019, a siga 6.8 da 7.1, aka mayar da tsaro na asali kyauta, sannan a 2022 siga ta 8 ta zo da shi a kunne tun daga girkawa. Ƙari a kan haka, ku buɗe fayil ɗin saiti elasticsearch.yml na sababbin sigogin 8 bayan girkawa, za ku ga shi da kansa ya rubuta http.host: 0.0.0.0 a ƙasan fayil ɗin. In da sauraro a kowane adireshi laifi ne a karan kansa, da masu abin ba su sa shi ba. Kuma kamfanonin da ke ba da hayar Elasticsearch a gajimare, wato a kan sabobinsu, ai ta intanet ake isa gare su. Gargaɗin da ke cikin takardunsu a kan na'urar da ba ta da kariya ne, ta Nura kuwa tana da ita.

Injiniya Bashir: Malam, na karɓi rabin maganarka. Amma ka duba abin da yaron nan ya rubuta. Bai ce http.host ba, cewa ya yi network.host. Wannan saitin ƙofa biyu yake ɗauka lokaci guda: 9200 da manhajoji ke tambaya ta cikinta, da 9300 da na'urorin ke magana da junansu. Ta 9300 ake zaɓen shugaba, wato na'urar da ke jagorantar sauran, ta nan ake kwafar bayanai daga wannan na'ura zuwa waccan. Ba ta da abin yi a wani layi in ba na cikin gida ba. Yau rauta ta tare ta, to gobe in wani ya zo gyara ya sa na'urar a DMZ, wato ya buɗe duk ƙofofinta ga waje, don ya huta da wahala fa? Na sha ganin haka a ofisoshin garin nan.

Sannan akwai matsalar da ba ta tsaro ba ce ma. In ka ce 0.0.0.0, na'urar za ta saurara ta ko'ina, amma adireshi ɗaya tak za ta sanar wa 'yan'uwanta, kuma ita za ta zaɓa. In tana da katin waya da na Wi-Fi da kuma layin Docker, manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe, tana iya ɗaukar wanda sauran ba za su iya kaiwa gare shi ba. Sai ka kwana kana neman dalilin da na'ura ta uku ta ƙi shiga gungu, wato haɗakar na'urorin uku. Nura ƙanena, ka ba kowacce adireshi tsayayye irin na 192.168 ko na 10, ka rubuta shi a transport.host, ka jera ukun a discovery.seed_hosts. Ka kuma cire cluster.initial_master_nodes da zarar gungun ya haɗu karon farko, don ba a barinsa.

Nura: Ranka ya daɗe, maganar 9300 na yarda, zan gyara yau. Abin da ka faɗa na adireshi ma ya faru da ni, adireshin Docker na 172.17.0.1 ɗaya daga cikin na'urorin ta riƙa sanarwa, sai da na sa network.publish_host da hannu. Amma a kan 9200 ina nan. In na sa mabuɗin karatu kaɗai, me mutum zai yi da shi? Farashin atamfa zai gani, wanda ko ya zo shago za a gaya masa.

Sadik: Ni a ganina abin bai kai haka ba. Ka canza lambar ƙofar kawai a rauta, daga waje ta zama wata lamba can sama da dubu arba'in, daga ciki ta sauka a 9200. Masu laluben nan 9200 suke nema. Wa ma ya san da wani ofis a Zoo Road balle ya neme shi? Haka muke yi wa kyamarorin tsaro da muke haɗa wa mutane daga Farm Centre.

Zainab: Yaya Sadik, ba mutum ne ke zaune yana nemanka ba. Adireshin IPv4 gaba ɗaya bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma tun 2013 masu bincike a Jami'ar Michigan suka fitar da ZMap, wanda ke zagaye su duka a ƙasa da minti 45. Shodan kuma, shafin neman na'urorin da ke kan intanet, aikinsa ke nan dare da rana, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya rubuta abin da ya amsa. Bai san Kano ba, bai san Legas ba, lamba yake bi. Canza lambar ƙofa zai rage maka hayaniya a log, wato rijistar abin da ya faru a na'ura, amma da an ƙwanƙwasa, amsar da za ta fito za ta nuna ko wace manhaja ce a bayanta.

Ni abin ya taɓa cin ni, shi ya sa nake zafi a kai. A watan Yulin 2020 ina da wata saba ta haya da na ɗora aikin wata makarantar Islamiyya, sunayen ɗalibai da sakamakonsu na zango uku. Da safe na buɗe na ga babu fihirisa, wato rukunin bayanai, ko ɗaya da na sani, sai wasu sunaye na haruffa barkatai, kowanne ya ƙare da meow. Ba su nemi kuɗi ba, ba su bar saƙo ba, sharewa kawai suka yi, kuma dubban rumbunan bayanai aka yi wa haka a lokacin. Ni da malamai biyu muka zauna da rijistocin takarda muna sake shigarwa ɗaya bayan ɗaya, kusan mako biyu. Kunyar da na ji a gaban shugaban makarantar har yau ban manta ba.

Nura: Allah ya kiyaye gaba, Anti. Amma taki ba ta da kalmar sirri ko?

Zainab: Ba ta da ita, gaskiya ne. Abin da ya fi min ciwo shi ne na ɗauka a rufe take. Na kunna katangar tsaro ta ufw, na hana 9200, na kwanta hankali kwance. Ban san cewa in ka buɗe ƙofa ta Docker, yana rubuta dokokinsa a iptables ya tsallake na ufw ba. Da na rubuta 127.0.0.1:9200:9200 a maimakon 9200:9200 da ba a kai gare ta ba. Ina faɗar wannan ne don ka ga yadda mutum ke rantsuwa cewa ya kulle alhali bai kulle ba. Kai makulli ɗaya gare ka. Ranar da wani ya kashe xpack.security.enabled na minti goma don ya gwada wani abu ya manta, babu komai a bayansa.

Malam Kabiru: Wannan hujja ce a kan sakaci, ba a kan tsarin ba. Kowane tsari in aka yi sakaci zai faɗi. In ya sa manhajar Nginx a gaba a matsayin mai gadi, shi ma ana iya saita shi ba daidai ba.

Injiniya Bashir: Haka ne Malam, amma faɗuwa ta fi faɗuwa. Ka tuna Disambar 2021 da aka gano ɓarakar Log4j, wata ƙaramar manhajar rubuta log. Elasticsearch na amfani da shi, sai da kamfanin ya fitar da gyara cikin gaggawa. Irin wannan ɓarakar ba ruwanta da ƙarfin kalmar sirrinka, a cikin manhajar take. Wanda sabarsa ke layin cikin gida ya samu sararin yin gyara a natse. Wanda tasa ke bakin titi kuwa tsere ya yi da masu lalube. Kamfanonin gajimare da ka ambata suna da ma'aikatan da ba sa barci saboda irin wannan ranar. Nura su biyu ne a ofis, kuma in an ɗauke wuta inbata suke lallaɓawa.

Nura, ka ce karatu kaɗai. To mai izinin karatu yana iya aiko tambayar da za ta cinye ƙwaƙwalwar na'ura, ya maimaita ta sau ɗari a minti, har gungun ya durƙusa ana tsakiyar ciniki. Yana kuma iya kwashe fihirisar gaba ɗaya ya tafi da ita. Ka je Kwari ka tsaya a shagon Alhajin ka gani. Mai saye a bakin kanta yake tsayawa, ya ce a ba shi shadda ruwan toka, yaro ya shiga sito ya ɗauko. Ka taɓa ganin an ce masa shiga ka duba da kanka, amma kada ka taɓa komai? In ya shiga zai ga yawan dilolin da suka rage, ya ga wanda ya ƙi tafiya, ya ga farashin sari. Maƙwabcin shago zai biya kuɗi don ya san wannan.

Zainab: Kuma gaya mana gaskiya, kaya ne kaɗai a ciki?

Nura: Akwai fihirisa ta biyu ta abokan ciniki. Suna, lambar waya, garin da mutum yake, da bashin da ake binsa. Akwai na Damagaram da Maraɗi da Njamena. Alhaji ya ce yana son in ya rubuta suna ya ga nawa ya rage.

Malam Kabiru: A'a, to nan kam na janye. Da ka faɗi wannan tun farko da ban tsaya maka haka ba. Littafin bashi amana ne, mutum ya yarda a rubuta sunansa ne saboda ya san daga shi sai mai shago. Kuma asusun elastic da ke cikin wayoyin nan yanzu haka yana ganin wannan fihirisar, yana iya goge ta. Ga doka kuma: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce in aka samu ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan, a sanar da hukumar cikin awa 72. Alhaji ne zai amsa tambaya, kai kuma zai juyo kanka. Amma ina nan a kan cewa http.host: 0.0.0.0 ba shi ne laifin ba. Turawar da aka yi a rauta ita ce.

Injiniya Bashir: A nan za mu ci gaba da saɓani, Malam. Ni na fi son saba ta saurara a adireshin da na rubuta da hannuna kawai, ko da rauta ta yi kuskure.

Nura: To me kuke so in yi a aikace? Alhaji ya ce ranar Asabar yake son yaransa su fara amfani da ita, kuma rubuta wata manhaja a tsakani zai ci lokaci.

Zainab: Ba zai ci ba. Ƙaramar manhaja ce mai hanyoyi biyu ko uku: nemo kaya, nemo abokin ciniki. Waya ta aiko kalmar da ake nema, ita ta gina tambayar, ta iyakance yawan sakamako, ta tambayi gungun ta layin ciki. Kowane yaron shago da asusunsa, in ya bar aiki a rufe nasa kaɗai. Ƙofar 443 ce kawai za ta fita waje. Kai kuma in kana son Kibana, shafin duba bayanan gungun, daga gida, ka shiga ta rufaffiyar hanya irin WireGuard ko ramin SSH. Amma kafin komai, yanzu-yanzu, cire turawar 9200, ka canza kalmar sirrin elastic, don tsohuwar tana cikin duk wayar da aka sa manhajar.

Sadik: Waya nawa aka sa wa?

Nura: Bakwai da na sani. Ban san ko sun tura wa wasu ba.

Injiniya Bashir: Ka duba log ɗin rauta da na sabar ka ga adireshin da suka taɓa ƙofar tun ranar da ka buɗe. Sannan ka saita ajiyar kwafi zuwa wani wuri da ba ofishin ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Na'urorin uku a kan inbata ɗaya suke?

Nura: Ɗaya ce. Na san biyu daga cikin uku ake buƙata kafin a zaɓi shugaba, amma in batir ya ƙare duka suke mutuwa tare. Wannan sai mun yi magana da Alhaji a kan kuɗi.

Na cire turawar yanzu, na gwada da datar wayata, ba ta shiga. Na canza kalmar sirrin. Har yanzu ina ganin da kaya ne kaɗai a ciki, da mabuɗin karatu da iyakance yawan tambaya a Nginx sun wadatar, kuma ban ji wanda ya rushe min wannan gaba ɗaya ba. Amma da littafin bashi a ciki ba zan yi kasada ba. Anti Zainab, in kina da lokaci gobe bayan la'asar, zan kawo kwamfutata ki duba min yadda zan raba izinin fihirisar biyu.

Zainab: Ka zo. Ka taho da elasticsearch.yml na dukkan ukun, da hoton shafin tura ƙofofi na rautar.